GA ƘOSHI GA KWANAN YUNWA: Yadda Maganin Korona Ya Tsallake Talakawan Amurka

Cikin watan Disamba na 2021 aka sami wani abu wanda likitocin duniya suka daɗe suna jira, watau maganin cutar korona wanda majiyyaci zai haɗiya a ɗakinsa ba sai an kwantar da shi asibiti ba. Ran 22 ga watan Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta ƙasar Amurka ta ba da izni a soma aiki da shi. Sunansa Paxlovid, kamfanin Pfizer ne ya yi shi. Gwamnatin ƙasar ta saye shi da kuɗi masu yawan gaske, ta rarraba wa asibitoci da kantunan magani, ta ce a ba mabukata kyauta. Duk wanda ya ji wannan labari zai ce ai magana ta ƙare, mai kuɗi da talaka sun zama ɗaya. Amma da aka zauna aka yi lissafi bayan 'yan watanni, sai aka tarar waɗanda cutar ta fi yi wa ɓarna su ne suka fi ƙarancin samun maganin. Dalilin haka shi ne abin da mu ke so mu duba yau tare da masu karatu, gama a cikinsa akwai darasi ga kowace ƙasa, mai arziki ko matalauciya.

IRIN MAGANIN DA YADDA YA KE AIKI

Kafin mu shiga lissafi ya kamata mu san halin maganin kansa, don a nan tushen maganar ya ke. Ƙwayoyin cuta iri-iri ne. Akwai waɗanda allurar fansilin da 'yan'uwanta ke kashewa. Akwai kuma waɗansu ƙanana ainun, waɗanda a ke kira bairos, su ne ke kawo mura da korona, su kam fansilin ba ta taɓa su ko kaɗan. Bairos ba ya iya hayayyafa shi kaɗai. Sai ya shiga cikin naman hanci da maƙogwaro da huhu, ya mai da jikin mutum maƙerarsa, ya riƙa ƙera irinsa dubbai bisa dubbai. Aikin maganin shi ne ya tsai da wannan ƙira.

Paxlovid ƙwaya iri biyu ne a haɗe. Ta farko, nirmatrelvir, ita ce ke dakushe wani makami na bairos mai kama da almakashi, wanda da shi ya ke yanka kayan ginin jikinsa. Ta biyu, ritonavir, aikinta ta hana hanta saurin narkar da ta farkon, don ta daɗe cikin jini. Ana shan ƙwaya uku da safe, uku da dare, har kwana biyar, jimla 30 ke nan. Da aka gwada shi kan mutum sama da 2,000 waɗanda ba a yi wa rigakafi ba, masu tsufa ko wani ciwo na daban, an ga ya rage kwanciya asibiti da mutuwa da kusan kashi 89 bisa ɗari.

To, amma akwai sharaɗi, lalle a soma sha cikin kwana biyar daga ranar da aka fara jin ciwon. Dalili kuwa, cikin kwanakin farko ne bairos ke yaɗuwa. In mako ya wuce, yawancin ɓarnar da ke faruwa a huhu daga jikin mutum ta ke fitowa, sa'ad da ya tashi yaƙi da cutar ya wuce gona da iri, a lokacin nan kuwa tsai da ƙirar bairos ba ya ƙara wani abin kirki. Haka ma maganin mura mai tsanani, Tamiflu, wanda aka soma aiki da shi tun 1999, shi nasa wa'adin ma ya fi gajarta, gama ya fi amfani in an sha cikin kwana biyu. Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe. Saboda haka wanda ya sami irin wannan magani a makare, kusan ɗaya su ke da wanda bai samu ba sam.

ABIN DA LISSAFI YA NUNA

A birnin Atlanta akwai babbar hukuma ta Gwamnatin Amurka mai tsaron cututtuka, wadda a ke kira CDC. Cikin watan Yuni na 2022 ta fid da bayanin yadda aka raba magungunan haɗiya na korona daga ƙarshen Disamba na 2021 zuwa 21 ga Mayu na 2022. An ba da magani sau sama da miliyan ɗaya. Masu binciken suka kasa unguwannin ƙasar kashi uku bisa ga halin zaman mutanensu, watau talauci, da rashin aiki, da cunkoson gidaje, da rashin abin hawa, da makamantansu. Sai suka ga abin mamaki. Kusan rabin wuraren da aka ajiye maganin a unguwannin marasa ƙarfi su ke. Duk da haka, in aka gwada da yawan jama'a, abin da mutanen waɗannan unguwanni suka karɓa kimanin rabin abin da mutanen sauran unguwanni suka karɓa ne. Magani na nan a kanti bakin titinsu, ga shi kyauta, amma bai shiga gidajensu ba.

Cikin Oktoba na 2022 hukumar ta sake fid da wani bayani, wannan karon an duba takardun majiyyata 692,570, dukansu manya daga shekara 20 zuwa sama, a wuraren jiyya 30. Daga Afrilu zuwa Yuli na 2022, cikin kowane farar fata 100 da suka je da cutar, kimanin 32 aka rubuta wa Paxlovid. Cikin baƙar fata 100 kuwa waɗanda aka rubuta wa ba su cika 21 ba. Akwai kuma jama'ar da a ke kira Latino, waɗanda asalinsu daga Meziko ne da sauran ƙasashen kudu masu magana da Sifaniyanci. Su ma kimanin 21 ne cikin 100, alhali waɗanda ba Latino ba sun kai 30. Mutanen Asiya da Indiyawan daji, watau 'yan asalin ƙasar, su ma an bar su baya.

A lura da abu biyu. Na ɗaya, waɗannan duka mutane ne da suka riga suka kai kansu wurin jiyya har aka rubuta sunansu, ba a ma ƙidaya waɗanda suka yi jinya a gida ba wanda ya sani. Na biyu, ratar ta fi faɗi a tsakanin waɗanda suka fi bukata, watau masu shekara 50 zuwa sama da waɗanda jikinsu ba shi da ƙarfin yaƙi da cuta. A cikin wannan lokaci ne kuma, watan Mayu na 2022, yawan waɗanda korona ta kashe a Amurka ya kai miliyan ɗaya.

ƘOFOFIN DA KE TSAKANIN MAJIYYACI DA MAGANI

Ina abin ya tsaya? Bari mu kwatanta da mutum biyu, kowannensu ɗan shekara sittin, kowannensu da ciwon sukari, sun kuwa tashi da zazzaɓi da tari rana ɗaya. Na farko akawu ne a babban ofis. Na biyu ɗan ƙodago ne, yana wankin kwanoni a gidan abinci, kuɗin sa'o'in da ya yi aiki kaɗai a ke biyansa.

Akawu ya karanta labarin maganin a jarida, ya san shekarunsa da ciwonsa sun sa shi cikin waɗanda ya kamata a ba. Yana da abin awo a gida, ya auna kansa da hantsi, ya ga cutar ce. Ya buga wa likitansa waya, likitan nan kuwa shekara goma yana duba shi, takardunsa duka suna gabansa. Kafin la'asar an aika da takardar magani kanti, matarsa ta hau mota ta karɓo. Ya sha ƙwaya ukun farko tun rana ba ta faɗi ba.

Ɗan ƙodago kuwa ƙofa ta farko da ya tarar ita ce ta sani. Bai taɓa jin sunan maganin ba, in ma ya ji, ba wanda ya gaya masa wa'adinsa kwana biyar ne. Watakila kuma Turancinsa bai kai ya karanta sanarwar ba. Ya ce mura ce, ya tafi aiki, don a Amurka babu wata doka ta ƙasa baki ɗaya da ta tilasta wa mai gida ya biya ma'aikaci ladan ranar da ya kwanta ciwo. Kwana biyu sun tafi.

Ƙofa ta biyu ita ce ta awo da likita. A lokacin maganin kyauta ne, amma ba a ba da shi sai da takardar likita, ganin likita kuwa a ƙasar nan da kuɗi ne, kuɗi masu nauyi. Yawancin mutane inshora ke biya musu, watau kuɗin da a ke tarawa kowane wata don ranar ciwo. Cikin 2022 kimanin mutum miliyan 26 ba su da ita. A tsakanin Latino kusan ɗaya cikin shida ne ba shi da inshora, a tsakanin farar fata kuwa kimanin ɗaya cikin ashirin. Da ma Gwamnati ta buɗe wata taska wadda ke biyan kuɗin awo da jiyyar korona na marasa inshora, amma cikin Maris na 2022 kuɗin taskar suka ƙare, aka daina karɓar takardun biya. Watau a daidai lokacin da maganin ya soma wadata, a lokacin ne aka rufe wa talaka hanyar zuwa wurin mai rubuta shi. Ɗan ƙodagonmu ya yi ta jinkiri yana fatan sauƙi. Ran nan kwana huɗu ke nan.

Ƙofa ta uku ita ce ta takardun jiyya. Mun ce ritonavir na rage saurin aikin hanta. To, ba maganin korona kaɗai ta ke tsarewa cikin jini ba, har da waɗansu magungunan zuciya, da na rage kitsen jini, da na hana jini daskarewa. In ba a gyara ba sai su taru su yi lahani. Mai ciwon ƙoda kuma dole a rage masa ƙwayar. Likitan da ya san majiyyacinsa cikin ɗan lokaci zai ce dakata da wannan, rage wancan. Amma likitan da bai taɓa ganin mutum ba sai yau, ga layi a waje, ga shi mutumin bai san sunayen ƙwayoyin da ya ke sha ba, sau da yawa sai ya ga abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya ce je ka gida ka huta. Hawan jini da ciwon ƙoda kuwa sun fi yawa a tsakanin baƙar fatan Amurka. Ashe ciwon da ya sa mutum ya fi bukatar magani, shi ne kuma ke sa a yi shakkar ba shi.

Ƙofa ta huɗu ita ce ta amana. Daga 1932 zuwa 1972 ma'aikatar lafiya ta Gwamnatin Amurka ta yi wani bincike a Taskigi, cikin jihar Alabama, kan baƙar fata wajen 600, waɗanda 399 daga cikinsu ke da tunjere. Aka bar su ba magani don a ga yadda ciwon zai ƙare da su, har bayan an sami fansilin mai warkarwa. Sai cikin 1997 Shugaba Bill Clinton ya roƙi gafara a madadin ƙasar. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Ba abin mamaki ba ne in jikokin mutanen da suka ga wannan suka yi ɗari-ɗari da sabuwar ƙwaya da aka ce kyauta ce.

Ga mutanen ƙauye kuma akwai ƙarin wata ƙofa, ta nisa. Daga 2010 zuwa lokacin annobar an rufe asibitocin karkara sama da 100 a ƙasar. Tsoho mai zazzaɓi wanda ba shi da mota, ba kuwa ɗa kusa, tafiyar mil talatin a wurinsa daidai ta ke da tafiyar wata guda.

Kowace ƙofa cikin waɗannan ba ta da girma in aka dube ta ita kaɗai. Wannan ta ci kwana ɗaya, waccan ta ci biyu. Amma kwana biyar kaɗai a ke da su. Mai hali ya ratsa su duka cikin wuni guda, talaka kuwa kafin ya kai ta ƙarshe wa'adi ya cika.

GYARAN DA AKA YI

Hukumomi ba su naɗe hannu ba. Cikin Maris na 2022 Gwamnatin Shugaba Joe Biden ta soma wani shiri na haɗa awo da ganin ma'aikacin lafiya da karɓar magani a wuri guda. Ran 6 ga Yuli aka ba masu haɗa magani na kantuna izni su rubuta Paxlovid da kansu. Sai dai an ce majiyyaci ya zo da takardun awon jininsa waɗanda ba su wuce wata 12 ba, don a san lafiyar ƙodarsa da hantarsa, da kuma sunayen dukan magungunan da ya ke sha. Sharaɗin na hankali ne, amma wanda ba shi da likita ina zai samo takardun awo?

Birnin Niyok ya bi wata hanya. Tun farkon 2022 ya shirya a riƙa kai wa majiyyaci magani har ƙofar gidansa a ranar da aka rubuta, ba ko kwabo. A ƙarshen Yuni kuma ya fito da motoci masu yawo cikin unguwanni, a auna mutum nan take, in cutar ce ya yi magana da likita, a san yadda za a miƙa masa magani kafin ya bar wurin. Da hukumar Atlanta ta sake lissafin ƙasar duka zuwa ƙarshen Agusta na 2022, ta ga ratar da ke tsakanin unguwannin masu ƙarfi da na marasa ƙarfi ta ragu ƙwarai, ko da ya ke ba ta rufe ba. Wannan ya nuna abin na gyaruwa in an sa himma.

Daga baya zance ya koma na kuɗi. Gwamnati ta saya kan kimanin dala 530 na mutum ɗaya. Cikin Mayu na 2023 aka ɗage dokar ta-ɓaci ta annobar, a ƙarshen shekarar kuma maganin ya shiga kasuwa, kamfanin ya sa masa dala 1,390. An yi shiri don tsofaffi da matalauta da marasa inshora su ci gaba da samu kyauta na wani lokaci, amma sai an bi ta hanyar rajista, ita ma wata ƙofa ce.

Kada mai karatu ya zaci kuɗin likita ne kaɗai matsalar. A Ingila ganin likita kyauta ne ga kowa. Cikin Disamba na 2021 ma'aikatar lafiya ta can ta rubuta wa waɗanda suka fi shiga hatsari wasiƙa, ta aika musu da kayan awo har gida. Duk da haka, da masana suka duba takardun majiyyata, sun tarar baƙar fata, da mazauna unguwannin matalauta, da tsofaffin da ke gidajen kula da tsofaffi, ba su sami magani kamar sauran ba. Cire kuɗi ya buɗe ƙofa ɗaya, sauran suna nan.

RABON ƘASASHEN AFIRKA

Abin da ya faru tsakanin unguwa da unguwa ya faru kuma tsakanin ƙasa da ƙasa. Cikin Nuwamba na 2021 kamfanin Pfizer ya yarda waɗansu kamfanoni su yi irin maganin mai araha don ƙasashe 95, waɗanda ke ɗauke da fiye da rabin mutanen duniya. Cikin Afrilu na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ƙarfi a yi aiki da shi, ta kuma yi kashedi cewa ƙarancin awo zai hana matalautan ƙasashe cin moriyarsa. An yi yarjejeniya za a sayar da mai arahar ƙasa da dala 25, amma sai cikin Disamba na 2022 hukumar ta tabbatar da ingancin na farkonsu, wanda kamfanin Hetero na ƙasar Indiya ya yi. Shekara guda cif ke nan bayan Amurka ta soma sha.

Cikin Satumba na 2022 waɗansu ƙungiyoyi, har da Jami'ar Duke da wata ƙungiyar lafiya mai ɗauke da sunan Clinton, suka haɗu don su soma kai maganin ƙasashe goma, tara a Afirka, Nijeriya da Gana na ciki, da kyautar abin da zai ishi mutum 100,000. Lokacin da kayan suka soma isowa zafin annobar ya riga ya lafa, mutane sun rage zuwa awo, wanda ba a auna ba kuwa ba a ba shi. Ran 5 ga Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa korona ta fita daga matsayin ta-ɓaci na duniya.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Annoba ta lafa, amma cutar ba ta tafi ba, mura mai tsanani kuma kowace shekara tana dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe tsakanin mutum 290,000 da 650,000 a shekara ta hanyar ciwon numfashi. Wata sabuwar cuta kuma za ta zo, za a kuwa sami sabon magani mai wa'adi irin wannan.

Duk wanda ya taɓa aikin makaranta ya san gina aji da zuba allo da benci ba shi ne yara sun shiga ba. Sai an bi gida-gida, an san ɗan wa ke kiwo, 'yar wa ke talla, an shawo kan iyaye, sa'an nan a riƙa kiran suna kowace safiya a ga wanda bai zo ba. Sha'anin magani ma haka ya ke. Hukumar da ta ƙidaya kwalayen da ta aika kaɗai za ta ce ta gama aikinta. Amurkawa sun gano ɓarakarsu ne don sun ƙidaya waɗanda suka sha, suka kasa su bisa ga unguwa da shekaru da launin fata, suka kuma buga abin da suka gani ko da ya ke ba abin alfahari ba ne.

Saboda haka abu huɗu ya kamata masu shirin lafiyar jama'a su tanada tun lafiya na nan. A sanad da mutane cikin harshen da su ke ji cewa akwai magani, a kuma faɗi wa'adinsa, a rediyo, da kasuwa, da makaranta. A san tsofaffi da masu ciwon sukari da hawan jini da na ƙoda na kowace gunduma tun da wuri, kowa da katinsa mai nuna abin da ya ke sha. A haɗa awo da magani ƙarƙashin rufi ɗaya, kusa da gida, a hannun ma'aikacin da mutane suka sani suka amince da shi. Sa'an nan a riƙa lissafin wanda ya samu da wanda bai samu ba.

Mu kuma da ke gida namu aikin ƙarami ne, amma ba a raina shi. In dattijo ko mai ciwon ajiye ya tashi da zazzaɓi da tari, kada a ce a bari a ga abin da gobe za ta yi. A kai shi wurin ma'aikacin lafiya tun ranar farko ko ta biyu, a tafi da dukan magungunan da ya ke sha a nuna, a kuma faɗi ranar da ciwon ya soma, gama daga ranar nan a ke fara ƙidaya.